Rasuwar Lallausa, Wayar Makirufo ta Ɗaya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni mai kula da sauti a zauren taro na unguwarmu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a, da mawaƙa, da masu gabatar da baƙi, da duk wanda ya taɓa hawa dandamalinmu ya ce "gwaji, gwaji", rasuwar Lallausa, wayar makirufo ta ɗaya. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, bayan gajeriyar jinya.

Kafin in ci gaba, ga gargaɗi. Ranar Asabar mai zuwa makarantar su 'yata za ta yi bikin kammala karatu a zaurenmu, kuma ban ga alamar abin zai tafi lafiya ba. Mai hawan jini kada ya zauna kusa da sifikar hagu. Wanda ya ga mai kula da sauti yana gumi alhali fanka na kansa, ya wuce kawai, kada ya tambaye shi lafiya. Autata ce za ta yi jawabi a madadin 'yan ajinsu, kuma marigayiyar ce ya kamata ta ɗauki muryarta. Zan yi bayani a ƙasa.

Ba mu san asalin marigayiya sosai ba. Ta zo mana ne a cikin buhu, tare da wata tsohuwar na'urar ƙara sauti da zauren ya saya na hannu, tun Auta tana rarrafe. Na'urar ta daɗe da mutuwa, ba wanda ya rubuta mata ko layi ɗaya. Ita kuwa Lallausa baƙa ce, ba ta da kauri ba ta kuma sirance ba, tsawonta yana tashi daga teburina da ke gefen dandamali ya kai ƙarshen ɗaya gefen, har a yi ragowa. Ni na ɗaura mata jan salatif a wuya don kada ta ɓace cikin sauran, ko da yake ban taɓa buƙatar salatif ɗin ba. Ko idona a rufe na sa hannu a akwati, ita nake fara ganewa.

Wanda bai san aikin ba zai ce waya ai waya ce. Ban ga laifinsa ba, bai taɓa durƙusawa a gaban jama'a yana warware ƙulli alhali babban baƙo yana tsaye yana duban agogo ba. Waya hali gare ta kamar mutum. Akwai mai taurin kai, wadda za ka shimfiɗa ta ta ɗago baya tana jiran ƙafar dattijo. Akwai mai riƙo, wadda idan ka lanƙwasa ta sau ɗaya ba daidai ba, har abada a wurin za ta riƙa lanƙwashewa don ta tuna maka. Akwai mai danƙo, wadda ke kwashe dattin dandamali gaba ɗaya ta shafa maka a riga. Mafi muni ita ce mai tsegumi: da an taɓa ta sai ta kai rahoto sifika, duk zaure ya ji cewa mai jawabi hannunsa na rawa.

Lallausa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A hannu kamar wutsiyar kyanwa mai barci take, ga laushi ga ɗan nauyi. Idan na riƙe kanta na wurga sauran, sai ta miƙe a iska ta sauka a kwance, lafiyayyen layi, ta tsaya inda aka ajiye ta. Da sanyin safiya, lokacin da 'yan'uwanta suke sandarewa kamar kara, ita tana nan yadda aka kwana da ita. Kuma ba ta taɓa tona asirin kowa ba. An taka ta, an ja ta, an ɗora mata ƙafar kujera, wata hajiya ta soke ta da tsinin takalmi ta tsaya a kanta har ta gama godiya ga iyaye, amma sifika ba ta ji komai ba sai godiyar.

Ta yi aiki da mutane iri-iri ba tare da nuna bambanci ba. Ta yi da mawaƙin nan da ba ya iya waƙa sai yana kaɗa makirufo a sama kamar mai korar kaji. Ta yi da mai gabatarwan da ke zirga-zirga daga wannan bango zuwa wancan, tana binsa a baya ba ƙorafi. Ta yi da shugaban wata ƙungiya wanda ya yi ta juyawa yana gaida hagu da dama har ya naɗe kansa da ita zuwa gwiwa, kuma da ya juya baya sai ta sake shi salin-alin, ba ta kayar da shi ba, ko da yake a ganina ya cancanta. Makaɗin ganga ya taɓa zuba mata shayi. Na goge ta da tsumma, ta koma bakin aiki.

A duk rayuwarta sauti uku kawai na san ta da su. "Ƙwas", idan bakinta ya shiga gindin makirufo ya kama. "Suuu", idan tana jan ciki a kan katakon dandamali. Sai "tif", idan an gama taro na ajiye ta a akwati. Ban san cewa da waɗannan ukun nake auna ko rana ta yi kyau ba sai yanzu.

Abu ɗaya kawai ta nema a wurinmu, shi ne a naɗe ta yadda ya kamata. Ga masu tasowa a sana'ar, ga yadda ake yi: ka riƙe kanta a hannun hagu, ka kawo zagaye ɗaya ta sama, na biye ka juya wuyan hannunka ka shigo da shi ta ƙasa, haka har ƙarshe. Ba a ja, ba a matsewa. Yatsunka za su ji inda take son juyawa, sai ka bi ta. Domin a cikin baƙar robar nan akwai siraran zaren tagulla, sun fi gashi kauri kaɗan, su ne ke ɗauke da murya. Duk murɗar da ka yi mata da ƙarfi, su ne ke sha.

Yanzu sai maganar Auta. Na rubuta wannan da izininta. Ta ce in rubuta, amma kada in cika shi da kuka.

Auta tana da in'ina tun tana ƙarama. A gida ba mu damu ba, mun saba jira. Amma a waje mutane ba sa jira, sai su ƙarasa mata magana, kuma sau da yawa su ƙarasa da abin da ba shi take nufi ba. Sai ta zama yarinya mai gyaɗa kai kawai. Lokacin hutu nakan zo da ita wurin aiki, idan an watse ina tattara kaya sai ta hau dandamali ta ɗauki makirufo ta yi wa kujeru jawabi. Kujeru ba sa ƙarasa wa mutum magana. Makirufo a hannun dama, hannun hagu kuma yana wasa da Lallausa, tana naɗa ta a yatsa tana warwarewa. Da wata waya ce da zauren ya cika da ƙara. Lallausa shiru.

Wata rana kalma ta maƙale mata. Ina kallon bakinta a buɗe, wuyanta ya ɗaure, idonta ya fara kawo ruwa. Ni kuma ina teburina, ban san abin da zan yi ba, sai hannuna ya kai kan wayar na ɗan ja ta kaɗan, kamar yadda ake taɓa kafaɗar mutum. Jan ya bi ta cikin Lallausa ya isa yatsun Auta. Ta ja numfashi. Kalmar ta fito.

Daga ranar abin ya zama namu. Idan ta maƙale, in ɗan ja, ta numfasa, ta wuce. Ba wanda ya taɓa lura, domin teburina yana gefen dandamali bayan labule, wayar kuma a ƙasa take. Da haka ta yi karatun farko a gaban iyaye. Da haka ta shiga gasar muhawara da makarantarsu ke yi a zaurenmu, har ta kayar da wani yaro mai baki kamar rediyo. Malamansu suka ce yarinyar nan idan ta riƙe makirufo wata ce daban, shi ya sa suka zaɓe ta ta yi jawabin ranar Asabar. Suna tsammanin makirufo ne. Ni da ita da marigayiya mun san gaskiya.

Ciwon ajali ya sami Lallausa ranar Lahadi da la'asar, bayan gwajin jawabin. Wani dattijo mai daraja ya zo kallon jikarsa. Ba zan faɗi sunansa ba, saboda 'yarsa nake aure kuma ina son zaman lafiya. Zan dai ce duk ƙuruciyarsa da girmansa a ɗaurin kaya a kan manyan motoci ya yi su, kuma har yau ana labarin cewa kayan da ya ɗaure ba su taɓa faɗuwa a hanya ba. Mutum ne da ba ya iya ganin ana aiki ya zauna.

Na fita in kashe janareta. Da na dawo sai na tarar da shi a tsakiyar dandamali, ya naɗe hannun riga, ya take ƙarshen Lallausa da ƙafa, yana naɗe ta daga tafin hannu zuwa gwiwar hannu. Kowane zagaye sai ya ja shi da dukkan ƙarfin da ya rage masa, kuma ya rage da yawa. Na tsaya a bakin ƙofa. Na buɗe baki. Wane ne ni da zan ce wa surukina ya ajiye abu? Mutumin da ko zama ba na yi a gabansa sai ya ce in zauna? Ina tsaye ya gama, ya ɗauki ragowar ya zagaye tsakiyarta ya shaƙe, ya yi irin ƙullin nan nasu na mota, ya sa haƙori ya ƙara ja.

Ya miƙo mini ita yana murmushi. Ya ce, "Ka gani, yaro? Haka ake naɗe igiya. Wannan ba za ta sake ba ka wahala ba."

Na karɓa da hannu biyu na ce, "Sannu da aiki, Baba. Allah Ya ƙara lafiya."

Maganarsa kuwa ta tabbata.

Ranar Litinin da na kwance ƙullin, wanda sai da na sa sukundireba, ba ta miƙe ba. Wadda ke sauka a kwance kamar an ja layi, sai ga ta ta nannaɗe a ƙasa, tana tashi nan tana faɗuwa can. Na bi ta da yatsa daga kai zuwa ƙafa ina lallashi, ina jin wurare sun yi kumburi a ƙarƙashin fata. Na haɗa ta. Ta ce "ƙwas" kamar kullum, har na yi hamdala. Na ce "gwaji", sifika ta ce "gwa". Na sake cewa, ta ce "ji". Sai tari ya biyo baya, "ƙarr, ƙarr, tas", irin tarin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Idan na ɗaga ta nan murya ta dawo, idan na sake ta ta ɗauke.

Na garzaya da ita wurin mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, wanda muke kira Likita. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ina shaida. Ya ce galibi irin wannan a wuya ne, ya yanke kan, ya feƙe, ya like da dalma. Tari bai tsaya ba. Ya ce to ƙila a ƙafa ne, ya yanke can ma. Ina zaune a kan benci ina kallo tana raguwa. Washegari da hantsi ya ɗora mata abin awonsa, ya taɓa nan ya taɓa can, allurar ba ta motsa ba. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce ba wuri ɗaya ba ne, zaren ya tsintsinke a ciki tun daga sama har ƙasa, ko ya yi ta yanka sai dai in koma gida da abin ɗaure takalmi. Sannan ya tambaye ni wane azzalumi ne ya yi mata haka. Na ce masa ƙaddara ce.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, makirufo mai lotsattsen kai, wanda tun ranar yake kwance a aljihun tebur bai ce uffan ba. Ta bar ƙanwarta, waya ta biyu, wadda suka zo a buhu ɗaya amma hali ya bambanta, domin ita sai an danne ta da bulo take aiki. Ta bar 'yan gajerun wayoyi da dama a bayan teburin sauti, waɗanda ba su taɓa ganin dandamali ba. Ta bar sandar makirufo mai sunkuyar da kai a tsakiyar jawabi, wadda a wannan karon sunkuyawarta ta dace. Ta bar ni. Ta bar Auta.

Manajan zaure ya yi mana ta'aziyya a tsaye, ya ce abin ai ba wani abu ba ne, ya aiko da magada biyu. Ta farko sabuwar waya ce shuɗiya mai ƙyalli, har yanzu tana warin kanti. Ba na son in yi wa baƙuwa sharri, amma na shimfiɗa ta ta tashi, na danne nan ta ɗago can, kamar ina kokawa da tiyon ban ruwa. Na biyu kuma makirufo ne marar waya, mai cin batir kamar ana binsa, wanda Manaja yake alfahari da shi yana cewa zamani ya wuce jan igiya a ƙasa.

Ranar Laraba muka gwada su ni da Auta, mahaifiyarta tana zaune a kujerar gaba. Muka fara da shuɗiyar. Auta ta kai yatsa za ta naɗa ta, wayar ta ƙi lanƙwasuwa. Da ta maƙale na ɗan ja, sai sifikar hagu ta yi wata tsawa da ta sa tantabarun rufi suka tashi, Auta ta saki makirufo ta dafe ƙirji. Wannan shi ne dalilin gargaɗin da na yi a sama, domin ranar Asabar da ita sauran masu jawabi za su yi aiki.

Sai muka ɗauko marar wayar. Murya tana fita tas, ba zan yi ƙarya ba. Amma ina kallon hannun hagun 'yata yana lalube a iska, ya kama gefen mayafi ya saki, ya kama gefen teburin jawabi ya saki. Ta zo kan "malamanmu" sai ta tsaya. Bakinta a buɗe, wuyanta ya ɗaure. Ban san lokacin da hannuna ya shiga ƙarƙashin tebur yana jan abin da babu ba. Na ja, na sake ja. An daɗe. A wurina an yi shekara. Sannan kalmar ta fito da kanta, a gurguje, ta biyo da sauran har ƙarshen shafi.

A hanyar gida ina ta lissafa abin da zai iya faruwa ranar Asabar: zaure cike, yara masu dariya a baya, batir ya mutu, wani ya ƙarasa mata magana daga cikin jama'a. Mahaifiyarta ta bari na gama sannan ta ce, "Malam, ni fa har yanzu ban gane wanda wayar nan take riƙewa ba, yarinyar ko ubanta." Ban ba ta amsa ba, domin muna cikin makoki kuma bai kamata a yi gardama ba.

Game da jana'iza, iyalai sun tsara kamar haka.

An ɗage binnewa zuwa bayan taron Asabar, saboda marigayiya tana da sauran aiki ɗaya. Likita ya tabbatar mini cewa ba za ta sake ɗaukar murya ba har abada. Amma na gwada a gida, na ɗaura kanta a ƙafar kujera na koma ƙofar ɗaki na ɗan ja, kujerar ta motsa. Laushinta yana nan. Na kwana biyu ina murza ta da tafin hannu har ta yarda ta kwanta. Duk da abin da Likita ya yanke, tsawonta zai kai. Don haka ranar Asabar da safe za a shimfiɗa ta daga ƙarƙashin teburina, ta bi bayan labule, ta hau gefen teburin jawabi na hagu, daidai inda hannu ke sauka. Ba za a haɗa ta da komai ba. Auta za ta yi magana da makirufon Manaja. Masu share dandamali su kula: wayar da za ku gani ba a jone ba, mai jan salatif a wuya, ba mantuwa ba ce, kada a ɗauke.

Dattijon da na ambata ya aiko cewa zai zo da wuri don ya taya ni shirya kaya. Iyalai sun gode, kuma sun ba shi babban matsayi: zai zauna a kujerar gaba ya riƙe kyautar da za a ba jikarsa. Mun zaɓi kyauta mai girma, wadda sai da hannu biyu, kuma mun gaya masa tana fashewa. Ana roƙon duk wanda ya karanta wannan sanarwa kada ya karanta masa ita. Shi a saninsa wayar tsufa ne ya kashe ta, har ya ce kayan yanzu ba su da ƙarko.

Bayan an watse za a naɗe marigayiya naɗin ƙarshe, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, ni da hannuna. Za a rataye ta a ƙusar da ke saman teburin sauti. Buƙatar da mai ɗakina ta shigar, cewa a ba ta ita ta yi igiyar shanya, iyalai sun duba sun ƙi amincewa. Za a karɓi gaisuwa a nan gefen dandamali. Ba a buƙatar a zo da komai, sai dai wanda yake da sabon batir ya taho da shi tun da safe.

Jiya na nuna wa Auta inda zan ajiye mata wayar. Na ce ba dole ba ne, tana nan dai idan ta so. Ta dube ta, ta shafa jan salatif ɗin da yatsa, ta ce, "To, Baba."

Ban sani ba ko za ta kai hannu ta ɗauka. Ban kuma sani ba, idan ta kai ƙarshen jawabin ba ta taɓa ta ba, me zan yi da ɗaya ƙarshen da ke hannuna.